Sai Ruwa Ya Ɗauke

Barguna. Rigunan sanyi masu hula. Man kaɗanya saboda kaushi. Kilishi a cikin takarda. Goro. Buhun albasar Wurno, an zura shi cikin leda an ɗaure bakin tamau don kada ya yi wari a jirgi. Lema babu ko ɗaya.

Kayan da muka ɗauko ke nan. Suna bayan motar da ke kai mu daga Lilongwe zuwa bakin tafkin Malawi, ruwan sama yana dukan gilashi. Watan Janairu ne. Tun a Goronyo na gaya musu a can damina ake yi.

"Janairu damana?" in ji Kawu Maccido a lokacin. "Zayyanu, karatun Indiya ya juya maka kai. Janairu sanyi na, ko'ina cikin duniya."

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyar masuntan Goronyo, ko da yake rabon da ya taɓa koma tun ina firamare. Kusa da shi Alhaji Iliyasu, abokinsa, dillalin albasa daga Wurno, wanda babu abin da ya haɗa shi da kifi sai ci. Kujerar da yake kai ta Gwaggo Kyauta ce, yayar mahaifina, mai bandar kifi a bakin dam. Sunanta na bayar cikin masu tafiya. Kawu ya cire ya sa na abokinsa, ya ce tafiyar manya ce.

Don ita na haɗa tafiyar. Kowace damina kifinta yana tsutsa kafin ya bushe, ta kwashe ta zubar a bayan gari. Philemon, ɗan Malawi da muka yi karatu tare, ya ba ni labarin wasu mata a ƙauyensu masu busar da kifi cikin rumfar leda ko ana ruwa. Ya ce suna da kayan rumfa guda da za su bayar kyauta, har da wadda za ta je ta koyar. Sharaɗinsu ɗaya: shugabannin masu nema su zo da ƙafarsu, su gani da idonsu, a cikin damina. Akwai wasu masu nema ban da mu.

Masaukinmu yana kallon tafkin. Ba a hango ɗaya gaɓar. Alhaji Iliyasu ya leƙa ta taga ya ce wannan ba tafki ba ne, teku ce aka ɓoye mata suna. Suka shimfiɗa barguna, suka kira ni in nuna musu alƙibla.

Da safe Philemon ya zo da takalman roba da rigunan leda. Ya ce mota za ta kai mu rabin hanya, sauran a ƙasa. Matan sun yanka akuya.

Kawu ya ɗaga rigar da yatsu biyu.

"In shiga leda awa burodi? Hwaɗa mai mun gode. Bari ruwa shi ɗauke, sai mu tahi."

"Kawu, wanga ruwa ba shi ɗaukewa."

"Akwai ruwan da ba shi ɗaukewa? Kai dai ba ka da haƙuri, tun kana ƙarami."

A wurinmu ruwa yana sallama kafin ya shigo. Hadari ya haɗu daga gabas, iska ta taso, a kwashe shanya, ya zuba, ya wuce. Babban mutum ba ya fita cikinsa. Yana zama a zaure har ya ɗauke, kuma kowa ya san za a jira shi. Ruwan Malawi ba haka yake ba. Ba tsawa, ba iska. Yana sauka ne kamar wanda ba shi da wurin zuwa.

Philemon ya zauna a baranda har azahar. Ya yi waya sau da yawa da harshensu, murya ƙasa-ƙasa. Da la'asar ya tafi.

Washegari ma haka. Kawu ya fito da babbar riga mai aiki, ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙa hannu waje, ya dubi tafinsa.

"Ya kusa. Ka ga ya rage ƙarhi."

Bai rage ba.

A ranar ɗakin ya fara wari. Da farko na zaci barguna ne, don sun sha danshi sun yi nauyi kamar fatar da ba a jeme ba. Sai na ga kilishin ya yi furfura, fari da kore. Alhaji Iliyasu ya kankare da wuƙar yankan farce, ya ci, ya miƙo mini. Na ce na ƙoshi. Amma ainihin warin daga buhun yake. Albasa tana son iska, kowane yaro a Wurno ya san haka, shi ya sa ake yi mata rudu, rumbun kara mai shan iska. Dillalinta da kansa ya toshe ta cikin leda. Wani ruwa mai yauƙi ya fara bin ƙasan buhun yana nufar tabarmar salla.

"Alhaji, a hidda ta waje."

"A'a! Tsarabar mutane ta. Ruwa shi taɓa ta ta lalace?"

Suka ci gaba da hira a cikin warin, suna cin goro, suna lissafa waɗanda za su yi baƙin ciki a Goronyo idan suka ga hotunan. Kawu ya sa na ɗauke shi a bakin taga, tafkin a bayansa. Ya ce in ɗauka yadda ruwan saman ba zai fito ba.

Ranar ƙarshe na sa rigar leda na bi Philemon ni kaɗai. Kawu ya ce in gaishe su, in ce yana nan tafe da zarar an ɗauke.

Laka ja ce, tana kama takalmi. Mun wuce gonakin masara da suka fi ni tsawo, mun wuce mata ɗauke da itace, tsofaffi a kan keke, 'yan makaranta da ganyen ayaba a ka. Ba wanda ya tsaya jiran komai. Kafin mu ga ƙauyen hancina ya gaya mini mun iso. A bakin ruwa akwai gadajen kara da aka shanya ƙananan kifi, irin wanda suke kira usipa. Ya narke ya manne da juna, tsutsa tana motsi a ciki, ƙuda ya rufe duk da ruwan. Na san wannan warin. Shi ne warin bayan gidan Gwaggo a watan Agusta.

Shugabar matan, Mama Winnie, gajeriya ce mai kauri, da zane biyu a ɗaure. Ta dubi bayana kafin ta dube ni. Philemon yana fassara.

"Ina manyan?"

Na yi tunanin in ce ba su da lafiya. Ban ga dalili ba.

"Suna jiran ruwa ya ɗauke."

Da Philemon ya juya maganar, matan suka fashe da dariya. Wata ta ce wani abu, dariyar ta ƙaru. Ya ce ta ce a kai musu katifa, sai watan Afrilu. Mama Winnie ba ta yi dariya ba. Ta ce akuyar shekaranjiya sun cinye, kajin jiya ma sun cinye, yau ba su dafa komai ba.

Ta shigar da ni rumfar. Katako ne da leda mai kauri, da raga a gefe don iska. Ciki ɗumi, ƙasa a bushe. Kifi jere a kan raga hawa-hawa, yana ƙyalli, ba ƙuda ko ɗaya. Ta ɗauki guda ta karya a kusa da kunnena, ya yi ƙas.

"A garinku wa ke busar da kifi?"

"Gwaggona. Kyauta."

"Tana ina?"

"A gida. An ba wani kujerarta."

"Shi yana busar da kifi?"

"Albasa yake sayarwa."

Ta jefa kifin a baki ta tauna. Sannan ta yi magana mai tsawo, Philemon ya taƙaita. Kayan rumfar ba za su ba ƙungiyar da shugabanninta ke tsoron ruwa ba. Wasu mutane sun zo makon jiya, sun jiƙe har wuya, su za a ba. Amma idan ita matar ta zo kafin damina ta fita, za su ajiye ta a gidansu, su koya mata yadda ake kafawa da yadda ake jerawa. Katako da leda akwai su ko'ina. Philemon ya ce zai iya nema mata kujera guda, da tawa ta mai fassara.

Da na koma masauki na tarar ruwan ya ɗan tsagaita. Kawu yana bakin tafki da babbar riga, Alhaji Iliyasu yana ɗaukarsa hoto.

"Ka gani? Ban hwaɗa maka ba? Kira abokinka, yanzu mu tahi."

"Sun ba wasu, Kawu."

Kawu ya ce mutanen ƙasar nan ba su san girman baƙo ba. Alhaji Iliyasu ya ce duk da haka a kai musu albasar, kada a ce Wurnawa sun zo hannu sake. Ya kwance bakin ledar. Abin da ya fito ba ya faɗuwa. Mai sharar masaukin ta toshe hanci da gefen zane ta fita da gudu. Shi kuwa ya tsoma hannu har gwiwa yana lalube.

"Akwai masu kyau daga ƙasa. Zayyanu, zaka ka taya ni zaɓe."

Na ja buhun zuwa ramin shara, yana zubar da ruwa a kan ƙafata. Kafin in dawo an ci gaba da ruwa.

Mun iso Goronyo cikin rani sosai, ƙasa a bushe, masu albasa suna ban ruwa a fadama. Kafin in huta labari ya zaga gari. Kawu ya ga teku, Kawu ya ga rumfar da ke busar da kifi cikin ƙiftawar ido, matan can sun yanka masa akuya. Hoton taga yana yawo a wayoyi.

Na je wurin Gwaggo. Tana juya kifi a kan ragar banda, hayaƙi yana shiga idonta. Na gaya mata duk yadda aka yi, ban rage ba.

"To ni mi za ni sawa in ana ruwan?" ta ce.

"Rigar leda."

"Akwai daidai ni?"

Na ce akwai.

Bayan kwana kaɗan Kawu ya aiko kirana. Na same shi a ɗakinsa, an shanya bargunan a kan ƙofa, har yanzu suna warin albasa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Na ji an ce akwai sauran kujera guda."

"Akwai, Kawu."

"To madalla. Ka hwaɗa ma abokinka ni za ni komawa. Amma shi bari sai sun shiga rani, mutum shi samu shi zagaya. Kyauta tsohuwa ta, ina ita ina jirgi? In na gano sai in kwatanta mata."

"Cikin damana sunka ce."

"Kai ka san yadda za ka juya musu magana. Mi anka kai ka makaranta ka koyo?"

Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi. Ban karɓa ba. Na miƙe, na sa takalmina, na janye bargunan daga kan ƙofar na ajiye masa a ciki. Na jawo ƙofar ta rufu, na yi magana daga waje yadda zai ji.

"Gwaggo za ta tahi, Kawu, ni za ni kai ta. Kuma cikin ruwa."