Kujerar Madam Celina

George na ɗaure kujerar a bayan a-kori-kura, matarsa Ladi na tsaye bakin rumfa tana sake jaddada masa cewa in jirgin ya zo saitin unguwarsu ta Television ya miƙo hannu ta taga, domin ta riga ta gaya wa matan zumunta na coci, kuma ba za ta sha kunya ba. Ya ce mata jirgin sama ba bas ɗin kasuwa ba ne da za a zuge gilashi, amma zai ɗaga daga ciki. Yana faɗa yana dariya. Tun da ya tashi barci bakinsa ya ƙi rufuwa.

Shekara goma sha bakwai yana ɗinkin kujerun mota a wannan rumfa, daga na Fijo har na tirela, ba wanda ya taɓa kawo masa kujerar jirgi sai Injiniya Albert, ɗan kwangila. Wani Bature mai gonar masara a bayan Narayi ne zai koma ƙasarsu, ya sa ƙaramin jirginsa mai cin mutum huɗu a kasuwa. Albert ya ƙyalla ido ya gani, ya ce da shi zai riƙa kai iyalinsa gida Shendam. Matarsa, Madam Celina, ta shiga baya ta zauna, ta fito dafe da ƙugu. Ta ce bencin coci ya fi wannan taushi, kuma ita da 'ya'yanta ba buhunan masara ba ne. In ba a gyara ba, kada a saya. Duk wanda ya san gidan ya san cewa in Madam ta ce a'a, to an rufe magana.

Shi ya sa Albert ya kwance kujerar ya kawo wa George, ya haɗa da alkawari: muddin Madam ta zauna ta ji daɗi, shi George ne zai zauna kusa da ita a zagayen gwaji. George, wanda ko bene mai hawa uku bai taɓa hawa ba, ya kwana biyu abinci bai wuce masa ba don murna.

Ya duba tsohuwar kujerar, ƙarafanta sirara kamar ƙashin kaza, ya yi tsaki ya jingine ta gefe. Ya haɗa sabuwa daga tushe. Katakon maɗaci ya sa, da sifirin ɗin Marsandi, da soso ninki uku, ya lulluɓe da jan karan-miski, har madogarar hannu ya yi mata. A iya saninsa aikin kirki nauyi gare shi, kuma ba a taɓa dawo masa da kujera ba.

A gonar sai da mutum uku suka kama kafin ta shige jirgin. Madam ta iso da ashobinta, ta hau tana ɓata rai tun kafin ta zauna. Ta zauna. Ta motsa dama, ta motsa hagu, sannan ta tuɓe takalmanta ta jingina kai.

"Albert," in ji ta, "saya."

George ya ji kamar ya taka rawa a gaban manya. Ya gyara wuyan rigar da yake zuwa coci da ita, har ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala, sai ga Baturen ya jawo sikelin auna masara. Ya ce kowa ya hau, haka ake yi. Madam ta so ta yi gardama, daga baya ta sauko ta hau da sharaɗin kowa ya juya baya. Da aka gama da mutane, Baturen ya sa aka fito da kujerar ita ma. Tsohuwar, wadda George ya taho da ita a mota, kilo goma sha ɗaya ce. Sabuwar ta kai hamsin da takwas.

Baturen ya daɗe yana rubutu a bayan kwalin taba. Sannan ya ce, da Hausarsa ta 'yan mishan, jirgi ba ya yin alfarma: ko a mai da tsohuwar kujera, ko mutum ɗaya ya tsaya a ƙasa.

Albert ya ce alkawari kaya ne, a sa tsohuwar. George ya dubi Madam, ya ga ta fara neman takalmanta. Ya san in ta sake zama a kan wancan benci, ba ciniki, ba jirgi, kuma aikin hannunsa ba zai taɓa barin ƙasa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Oga, a sa tawa," ya ce. "Ku tashi."

Shi da kansa ya ɗaure notunan, ya sake bi ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ya yi gudu a kan jar ƙasa, ya ɗaga, ya haye kan masara. George bai san sa'ad da ya fara tafi yana ihu ba, hawaye na zubo masa. Yana kallo jirgin ya karkata, ya nufi Television.

Da la'asar ya sauka a bakin layinsu. Tun daga nesa mutane suka fara kiran sunansa, matan zumunta na guɗa. Ladi ta taho da gudu, ɗankwali a hannu, muryarta ta dishe.

"Baban Judith, na gan ka! Na ga hannunka a taga, na nuna wa kowa."

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Ya ga ƙafafunta sun yi buɗu-buɗu don tsalle, ya ga matan da ke bayanta suna jiran ta bakinsa. Sai ya karɓi ɗankwalin ya share mata gumi.

"Ni ma na gan ki," ya ce. "Duk unguwar nan ke kika fi kowa tsalle."