Tsuntsuwar Kulu

"Ka shafe su duka, Muntaka," in ji Malam Iliyasu. "Kada ka bar ko ƙafar kaza."

Yana kwance a ɗakinsa, tari ya cinye shi saura ƙashi. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, kuma shi ne malamin zane da aikin hannu a firamaren ƙauyenmu, nan gefen Minjibir. A shekarun farin nan, da takarda da alli suka yi wuya, sai ya koma bangon aji. Da gawayi da jar ƙasa da shuni ya zana raƙumi da shanu da zabi, yara na kwaikwaya da tsinke a ƙasa. Na sha zolayarsa cewa duk garin shanunsa ne kaɗai ba su rame ba.

Yanzu kuwa tsoro ya kama shi. Ya sha ji a wa'azi cewa wanda ya zana abu mai rai, ranar gobe za a ce ya busa masa rai.

"Malam, ai don yara ka yi," na ce.

"Na sani. Amma ni kaɗai zan kwanta a kabarin."

Na jiƙa farar ƙasa a bokiti, da aka tashi yara na bi bangon nan da tsumma daga sama har ƙasa. Ni manomi ne, zane bai dame ni ba, amma da na zo kan raƙumin sai da na tsaya na ƙare masa kallo kafin na shafe shi.

Na dawo bayan la'asar, na tarar matarsa Barira tana yi masa fifita.

"An gama, Malam. Fari fat."

Ya sauke numfashi, ya yi hamdala. Can sai ya buɗe ido.

"Tsuntsuwar nan ta ƙasa, bayan ƙofa, ai ka bar ta ko? Ba ni na zana ba. Kulu ce."

Kulu 'yarsu ce tilo, ƙyanda ta ɗauke ta bara waccan tana aji biyu. Barira ta tsayar da maficin. Na tuna abar, 'yar karkatacciya mai ƙafa uku. Na ma ɗauka ɓarnar yara ce.

"Duka ka ce, Malam."

"Haka na ce," in ji shi, ya juya fuskarsa bango.

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Da gudu na koma makarantar, ƙato da ni, na jiƙa tsumma na durƙusa bayan ƙofa ina gogewa a hankali. Farar ƙasar ta fita, gawayin ma ya bi ta.

Ina nan durƙushe na jiyo salatin Barira, sai kuma na matan unguwa. Ina ta kallon lemar da ke jikin bangon, faɗin tafin hannu, tana bushewa daga gefe.