Kafaɗar Noboru a Filin Giza

Shekara da shekaru Noboru yana cikin ƙwararrun 'yan besbol na Japan, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya maka mata kulki. Shi majefi ne. Da kafaɗarsa ta dama ta lalace, ƙungiyarsa ta sallame shi. Ya nemi aikin koci gida-gida, kowa ya ce sai dai wani jiƙon. Haka ya tsinci kansa a Alƙahira, yana koya wa yara wasan a wani kulob a Giza.

Sai rikicin siyasar Masar na 2013 ya ɓarke. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Manajan kulob ya ce masa idan Juma'a ta zo babu 'yan wasa, filin ya koma hannun 'yan ƙwallon ƙafa.

Noboru ya rasa inda zai sa kansa. Komawa gida hannu rabbana ya fi ƙarfin zuciyarsa. Ya je shagon maƙwabcinsa Bukari, ɗan Nijar mai sayar da turare a unguwar Ard al-Liwa, ya roƙe shi da gurguwar Larabci ya samo masa waɗanda za su zo a matsayin 'yan wasa.

"Malam, mutanena ko sunan wasan nan ba su taɓa ji ba," in ji Bukari.

"Su zo kawai. Su tsaya a fili."

Bayan sallar Juma'a Bukari ya sauko daga bas a bakin filin da ɗalibai Hausawa daga unguwar Abbasiya, sanye da jallabiya da silifa. Manaja ya naɗe hannu yana kallo. Ba wanda ya iya riƙe kulkin. Noboru ya ga abin na neman watsewa, ya ɗauki ƙwallo da kansa, duk da likita ya hana shi. Ya ja baya, ya saki da iya ƙarfinsa.

Wani abu ya tsinke a kafaɗar. Ya durƙusa, gumi na keto masa.

"Ma'alish, kaftin," in ji manaja, yana ba shi haƙuri da Larabci. "Khalas, magana ta ƙare." Ya juya ya tafi.

Ɗalibai suka yi cirko-cirko. Wani dogo a cikinsu, Ja'afar, ya tsinto ƙwallon ya tsuguna gabansa.

"Sannu, Malam. Mu tafi asibiti."

Noboru ya girgiza kai, hawaye na zuba. Da hannun hagu ya kamo yatsun Ja'afar, ya jera su a kan ɗinkin ƙwallon.

"Haka ake riƙewa," ya ce. "Jefa sau ɗaya in gani, sannan mu tafi."