Komar Fannami

A unguwar su Haladu, bayan kasuwar Haɗejia, kowa da abin da yake faɗa a kan Fannami masunci. Masu kifi suka ce ruwan Kirikasamma ne ya ci shi. Mata a bakin rijiya suka ce aure ya yi a Nguru ya manta hanya. Haladu, wanda ya ba shi hayar ɗaki, abin da ya sani kawai shi ne mutumin ya fita tun kaka ya bar kwaɗo a ƙofa, ga shi damina ta kankama.

Rufin ɗakin yana shan ruwa, bangonsa kuwa shi ne bangon ɗakin 'Yar'azumi, yayar Haladu, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Duk ruwan da aka yi sai ƙasa ta zubo mata a tabarma.

"Jira kake a tono ni tukuna ka buɗe?" in ji ta.

"Yaya, ba a buɗe ɗakin wanda ba ya nan sai da shaidu."

Haladu ya je wurin mai unguwa, shi kuwa ya ce wannan maganar ta alƙali ce. Alƙali na fama da rigimar gonakin fadama, aka ce ya dawo bayan ranar kasuwa. Ya koma, aka ce ya zo da ɗan'uwan Fannami.

"Da na san ɗan'uwansa, me zai kawo ni nan?" ya ce, ya kaɗe rigarsa ya fita.

Ranar da bangon ya tsage har yatsa na shiga, Haladu ya ɗauki gatari ya fasa kwaɗon shi kaɗai. Yana huci ya kwaso tabarma da gora da wata babbar koma ta kamun kifi, ya jibge bayan rumbu, ya kira magini. 'Yar'azumi ta ce a rataye komar a zaure, ya ce shi ba ma'ajin kowa ba ne.

Bayan girbi sai ga Fannami, ya rame, yana tari. Ashe ɗiban gwamna aka yi da shi daga bakin kogi zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, ko sallahu ba a bar shi ya aiko ba.

"Baba Haladu, na ga an gyara ɗaki, Allah ya saka. Ina komata? Ruwa ya fara ja, gobe nake so in shiga."

Haladu ya kai shi bayan rumbu. Fannami ya ɗaga komar, ta tsinke a hannunsa. Gara ta gama da ita. Ya tsuguna yana tsintar guntayen zare.

"Na je wurin mai unguwa," in ji Haladu, "na je wurin alƙali, na..."

Fannami bai ɗago ba.

Haladu ya daɗe a tsaye, sannan ya tsuguna kusa da shi.

"Buɗe ɗakin dole ce ta sa ni. Amma yar da kayanka a ƙasa, ba wanda ya sa ni. Ka yafe mini, Fannami."