Gurbin Kabarin Tsoho Dou

Tun da Tsoho Dou ya makance, da harshe yake gane gonakinsa na bakin Rawayen Kogi. Shekara arba'in ya yi yana haƙa magudanai yana wanke gishirin gonar tudu, har ta yarda ta ba da dawa. A can ya ce a binne shi.

Ran da ɗansa Baoshan ya turo shi a baro don ya nuna masa gurbin kabarin, tsohon ya sa hannu ya ɗebi ƙasa. Ɓawonta ya farfashe, ƙarƙashi kuwa taɓo ne mai santsi kamar sabulu. Ya lasa, ya ji ɗaci da zartsi.

"Kai, nan ai fadamar kanwa ce! Kamu biyu za ka haƙa ruwa ya taso. Ko ciyawa ba ta fitowa."

"Shi ya sa, Baba. Bayan wuyar da ka sha a gonar tudu, sai mu ɓata kunya huɗu da gawa?"

"Ni fa na haife ka, Baoshan."

Ɗan ya karkaɗe hannu, ya kama baron.

"To gode mini. Kabejin da Inna ke jiƙawa a ruwan gishiri ma shekara yake yi bai ruɓe ba, balle kai a ƙasar nan."