Sai Tauraro Ya Shaida

Ruwa ya tsuge tun muna shiga ofis, bai ɗauke ba. Da tsakar rana matar da nake kai wa rainon 'yata Kumatu ta kira ni, ta ce ruwa ya ci tsakar gida ya shiga ɗaki, ta ɗora yaran da take raino a kan gado. Gidanta a gangare yake, bayan babbar kwata.

Ni ce mai kula da ɗakin ajiya a wata ƙungiyar agaji, kuma muna da mota mai dogayen tayoyi da ke ratsa ruwa. Sai dai tun da aka kawo sabon tsari, motar ba ta fita sai hoton tauraron ɗan'adam ya nuna ambaliya. Ranar ƙaddamarwa Injiniya ya yi mana bayani: hoton ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, don haka ake yayyanka shi, a rarraba wa dubban kwamfutocin 'yan sa kai a faɗin duniya, kowace ta gyara gutsurenta ta dawo da shi, a ɗinke. Oga ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, muka yi tafi.

Bayan kiran mai raino, na sami Oga a ɗakin taro na roƙi makullin mota.

"Maman Kumatu, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Da ruwa ya shiga, da mun gani."

Na nuna masa taga. Ya ce ba za mu koma zamanin jita-jita ba.

Hoton ya yi ta haɗuwa a babban allo, unguwa bayan unguwa, sai wani baƙin gurbi guda da ya ƙi cika. Na san wurin ko da ido rufe, gidan mai raino na ciki. Injiniya ya ce kwamfutar da ta karɓi wannan gutsuren ta yi barci da shi. Oga ya hau faɗa, wai wani malalaci can a wata uwa duniya ya ɗauki amanar bayin Allah ya tafi yawonsa, irinsu ne suka hana duniya ci gaba.

Injiniya ya duba lambar kwamfutar, ya sake dubawa, ya yi gyaran murya.

"Yallaɓai, taka ce. Wadda ka sa a tsarin a gaban 'yan jarida."

Tana kan teburinsa a rufe, an ɗora mata tukunyar fure. Ni na sauke tukunyar. Aka buɗe, ta nemi lambar sirri, aka aika kiran sakatariya. Aka sami lambar, kwamfutar ta ce sai ta gama sabunta kanta. Ina tsaye ina kiran mai raino, wayar ta daina shiga.

Daga ƙarshe gutsuren ya iso ya zauna a gurbinsa, fari fat. Injiniya ya ce gajimare ne, wannan tauraron ba ya gani ta cikin hadari. Oga ya ƙura wa farin ido, ya ce shi dai tsakaninsa da Allah bai ga ruwa ba.

Na cire takalma na ajiye a ƙarƙashin kujera, na cusa waya cikin ɗankwali, na fita. Daga kwata zuwa gidan na bi bango da hannu, ruwa har ƙugu. Na tarar an mayar da yaran kan tebur, teburin a kan gado, mai raino ta rungume na ƙarshensu. Goyo ɗaya zan iya a wannan ruwan. Na saɓa Kumatu a wuya, na ce wa matar ta riƙe sauran da kyau, mota na zuwa ko da zan fasa aljihun teburin Oga in ɗauko makulli.

Da na koma ofis ban tsaya matse zani ba, na shiga ɗakin taro ina ɗiga a kan dardumarsu. Injiniya ya dube ni, sai ya tuna cewa idan hadari ya rufe hoto, tsarin yana karɓar shaidar ƙasa. Oga ya sa aka kawo abin awo, ya durƙusa da kansa ya auna inda laka ta tsaya a zanina, aka ɗauki hoto.

"Yanzu kika kawo magana," ya ce, ya miƙa makulli.

Direba ya hau, na miƙa Kumatu ga sakatariya na bi shi don nuna hanya. Mun kwaso yaran da mai rainon kaf, ba wanda ya yi ko ƙwarzane, sai tari da ya kama ƙaraminsu.

Yanzu hotona yana rataye a ɗakin taro, daga ƙugu zuwa ƙasa, an rubuta nasarar sabon tsari a ƙarƙashinsa. Oga kan nuna wa baƙi. Ni kuwa na taya mai raino neman ɗaki a kan tudu, na kuma sayi takalmin roba na ajiye a ɗakin ajiya. Tukunyar furen ta koma mazauninta.