Alamar da ke Bayan Tayar Safaya

Shekara tara motata tana kwana a waje, ruwa da ƙanƙara suna dukanta, saboda tsohuwar motar marigayi surukina, ƙirar Buick, ta mamaye gareji. Ban taɓa yin shiru a kan wannan ba, kuma ba yau zan fara ba. Mijina Orrin ya jawo ta daga rumbun gonar iyayensa, inda kaji suka yi shekara da shekaru suna saka ƙwai a kujerar baya. Ya dube ni da idonsa ya ce, "Glenda, wata shida kawai."

Har yau ban gane kan mutanen nan masu tsofaffin motoci ba, ga shi kuwa na tsufa a cikinsu. Ni a sanina gyara shi ne abu ya fi da kyau. Su a wajensu gyara shi ne mota ta koma daidai yadda ta fito daga masana'anta, har da ɓarnar da ma'aikatan ranar suka yi. Orrin ya yi kwana uku yana koyon yadda zai sa fenti ya ɗiga a ƙarƙashin mota, wai a shekarar 1956 haka yake ɗiga. Mutumin da ya fente min kicin ba ɗigo ko ɗaya, shi ne kwance a ƙasa yana murnar fenti ya zubo masa a goshi.

Abin da ya fi haukata su shi ne alamun alli. Masu duba mota a masana'anta sukan yi zane da alli mai maiƙo a wuraren da ido ba ya kaiwa, alamar sun duba. Wanda ya sami irin wannan a motarsa sai ka ce gado ya ci. Orrin ya sami tasa a cikin but, bayan tayar safaya. Da rawayan alli aka yi ta: da'ira ɗaya, gajerun layuka huɗu a ƙasanta, sai wani lanƙwasasshen layi a gefe. Ya ɗauki hotonta ya fi sau talatin, ya kwafe ta a siririyar takarda, sannan ya kankare but ɗin har ƙarfe ya fito, ya yi sabon fenti, ya sake zana ta a inda take.

Ya yi min bayani a kan tebur, abinci na hucewa. Da'irar tana nufin an duba, layuka huɗun suna nufin mai dubawa na huɗu. Lanƙwasasshen layin kuma ba aikin masana'anta ba ne, taya ce ta goga ta ja allin daga baya, don haka bai mayar da shi ba.

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Abu ne a fili."

Na ce, "To, ci abincinka."

Bai tsaya nan ba, sai da ya rubuta shafi biyu a kan alamar a jaridar ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci. Tun daga lokacin kuma rawayan alli bai bar aljihun rigarsa ba, ko da alamar za ta dushe. Riguna huɗu ya ɓata min a injin wanki.

Amma kada in zalunce shi. Shekara bakwai na farko wasa yake yi. Biyun ƙarshe ba wasa ba ne. Mahaifiyarsa, Mama Opal, ta kai casa'in, tana gidan kula da tsofaffi, kuma shekara biyu ke nan ba ta kira sunansa ba. Duk Lahadi yana zuwa, ta karɓe shi da fara'a, ta ce, "Bawan Allah, kai ne mai gyaran famfon?" Ni kuwa ta san ni sarai, a matsayin matar nan mai surutu. Wata ma'aikaciyar gidan ta ce masa wani lokaci tsohon abu yakan buɗe musu tunani. Shi ke nan ya riƙe maganar. Ya sa a ransa cewa ranar da Mama ta ga motar nan kamar ranar da babansa ya shigo da ita gida, za ta juyo ta ce Orrin. Bai taɓa faɗa min haka da baki ba, amma shekara arba'in muna tare, na sani. Kuma ina jin tsoron ranar.

Ranar ta zo cikin watan Agusta, ranar gasar tsofaffin motoci a filin baje kolin gundumarmu a nan jihar Iowa. Tun hantsi zafi ya sauko. Motoci sun fi ɗari biyu a kan ciyawa, kowace bonet a buɗe, mai ita na zaune a gefe kan kujerar naɗewa yana gadin kada yatsan wani ya taɓa fenti. Tamu launin ruwan ƙwai da fari, tana ta ƙyalli. Gaskiya ta yi kyau, ko da yake ban gaya masa ba. An shirya motar gidan tsofaffi za ta kawo Mama ƙarfe goma sha ɗaya.

Kafin nan alƙalin gasar ya iso. Wendell Krause ke nan, wanda ya yi shekara talatin yana wannan aiki, yana yawo da ɗan madubi a kan sanda kamar mai neman kunama a ƙarƙashin gado. Ya leƙa inji, ya ƙirga notuna, ya ga ɗigon fentin ya gyaɗa kai cikin girmamawa. Da ya zo but ya ɗaga taya, sai ya tsaya.

"Orrin, mene ne wannan?"

"Alamar mai dubawa na huɗu."

"Mai dubawa na huɗu na ina?"

"Ba ka karanta jarida ba?"

"Na karanta. Kai ka rubuta ai." Wendell ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Na duba irin motar nan ta fi ɗari uku, ban taɓa ganin wannan ba. Amma yau da safe na gan ta a motar abokinka Lyle, na kuma gan ta a ta wani mutumin jihar Nebraska. Uku ke nan a rana ɗaya. Ko dai na yi shekara talatin ina barci, ko kuwa akwai abin da ban gane ba."

Orrin ya washe baki. "Ka gani? Shaida biyu."

Aka kira Lyle, abokinsa, ya zo riƙe da gasasshiyar masara, man shanu na bin gwiwar hannunsa. Wendell ya tambaye shi inda ya sami tasa alamar.

Lyle ya ce, "A jarida mana. Motar Orrin ba ta taɓa barin gidansu ba, in akwai a tasa to akwai a kowace. Da na ga babu a tawa na san wani sakarai ne ya goge, sai na mayar."

"Mutumin Nebraska fa?"

"A wajena ya kwafa."

Mutane suka fara taruwa, dattawa masu furfura da gajeren wando, kowa na cusa kai cikin but ɗinmu. Wani ya ce masana'antar Kansas ce kawai take yin irinta. Wani ya ce a'a, alamar motocin da aka haɗa ranar Alhamis ce, ranar aiki ta huɗu a mako, shi ya sa layi huɗu. Wani ya rantse kawunsa ya yi aiki a can kuma ya taɓa ambata wani abu mai kama da haka, ko da yake zai yiwu jirgin ƙasa kawun yake nufi. Ni ina tsaye da kofin lemo ina saurare. Na fara shakkar ko ni ce ban da hankali.

Wendell ya ja Orrin gefe, amma ina ji. "Mutumina, motarka ta kai ta ci lambar zinariya. Abin da ba ni da shaidarsa a littafi dole in cire masa maki, kuma cirewar za ta sauko da kai. Alli ne. Ga tsumma. Zan zagaya in dawo, abin da ban gani ba ban gani ba."

Orrin ya karɓi tsumman ya tsaya yana kallonsa kamar an ba shi jaririn wani. Yana nan tsaye aka turo Mama a keken guragu, da farar hularta ta zuwa coci.

Na karɓi keken daga ma'aikaciyar na ce, "Mama, sannu da zuwa. Kin sha rana."

"Ke ce? To yau kuma me za ki ce?"

Orrin ya durƙusa a gabanta. "Mama, dubi. Kin gane ta?"

Ta dubi motar daga gaba har baya. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Kyakkyawa. Ta wa ce?"

"Taku ce. Ta Baba Harlan."

"A'a." Ta girgiza kai, ba tare da wata shakka ba. "Tamu tana da lotsawa a nan, inda na daki akwatin wasiƙu ranar da Harlan yake koya min tuƙi. Bai taɓa gyarawa ba, wai don in riƙa tunawa."

Na san lotsawar. Wata biyu Orrin ya yi yana buga ta da ƙaramar guduma har ta ɓace. Ya buɗe ƙofa ya matso da ita, ta shafa kujera.

"Ina ƙunar sigarin? Nan ya kamata ta kasance. Kuma tamu warin kare take da man gashin Harlan. Wannan warin kanti take yi." Ta ɗago ta yi masa murmushi mai taushi, irin na baƙo. "Bawan Allah, an cuce ka. Wannan ba tamu ba ce."

A nan na gane abin da ya faru. Mama ta san motar nan sabuwa na mako guda ne kawai, ta san ta tsohuwa shekara talatin. Duk abin da za ta iya ganewa, ɗanta ya bi shi ɗaya bayan ɗaya ya goge, da hannunsa, cikin shekara tara. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ban san wanne ya fi ba. Shi kuwa ya miƙe, ya nufi but da tsumman a hannu. Ina jin ya ga tunda babbar buƙatarsa ta kuɓuce, bari ya tsira da zinariyar.

Ban san dalilin da ya sa na tura keken na bi shi ba. Wataƙila inuwar murfin but ɗin nake nema mata. Dattawan suka dare. Orrin ya sunkuya, ya kai tsumman kusa da alamar.

Mama ta ce, "Ah, ga Buster."

Wendell, wanda ya dawo ke nan, ya ce, "Wa, Mama?"

"Buster. Karenmu." Ta nuna da yatsa. "Ga jiki, ga ƙafafu. Ɗana Orrin ne ya zana. Harlan yana facin taya a bakin hanya, ya zaunar da yaron a nan ciki, yaron ya ɗauki allin da ake sa alamar huji da shi. Shekararsa biyar."

Lyle ya daina tauna masara. Ya juya a hankali ya dubi motarsa can nesa, inda karen gidan wasu yake zane a but ɗinsa. Wani daga baya ya ce, "To ranar Alhamis ɗin fa?" Ba wanda ya kula shi. Orrin yana sunkuye, baki buɗe, ya dubi alamar, ya dubi hannunsa. Ko kaɗan bai tuna ba, na gani a fuskarsa.

Mama ta ƙara matsowa ta ƙanƙance ido, sai fuskarta ta canja. "Amma ina wutsiyar? Buster yana da wutsiya. Wa ya cire masa?" Muryarta ta fara rawa, irin rawar da takan yi idan abubuwa suka fara guje mata. Ta dube ni. "Ko ba shi ba ne? Ina ne nan?"

Wendell ya yi gyaran murya ya ce, "Orrin, in ka ƙara wani abu, ka san..."

Orrin ya miƙa masa tsumman ba tare da ya dube shi ba. Ya zaro rawayan allin daga aljihu. Tsoho ɗan shekara sittin da shida, mai ciwon gwiwa, ya ɗaga ƙafa ya hau cikin but ɗin da ko ni bai yarda in jingina da shi ba, takalminsa na kankare sabon fenti. Ya naɗe ƙafafu ya zauna. Ya riƙe allin da hannun hagu, ya ɗan fito da harshe gefen baki yadda yakan yi in yana ɗaura noti, ya fara jan lanƙwasasshen layin a hankali.

Mama ta daki hannun keken da tafinta.

"Orrin. Ajiye allin babanka, ka sauko daga nan kafin ya juyo."

Allin ya tsaya. Bai juyo ba, kafaɗunsa ne kawai nake gani suna motsi. Can ya ce, "To, Mama. Bari in ƙarasa wutsiyar."

"Yi sauri," ta ce. "Ni ban gan ka ba."